Takin Gonar Alhaji Mudi

Ranar Litinin da hantsi Dije ta shigo gidan Balaraba da ƙwaryar nononta a ka, ba ta sayar da ko ludayi ɗaya ba. Ta sauke ƙwaryar a gindin turmi, ta nemi kujera 'yar tsugune ta zauna ta yi tagumi. Balaraba na ganin idonta ta san ba lafiya ba, sai ta leƙa bayan gida ta kirawo ƙaninta Surajo, ita kuma ta shige ɗaki ta ba su wuri.

Surajo ya fito da laka har gwiwar hannu. Ya gaishe ta, ta amsa ba ta ɗago kai ba.

"Ɗan Bebeji," in ji ta, don ba ta taɓa kama sunansa ba tun da aka kai goronsa gidansu, "yau da safe an kira Baffa gaban dagaci. Alhaji Mudi ne ya kai ƙararsa, a kan takin da kake kwashewa daga gonarsa."

Surajo ya tambaye ta yadda aka ƙare, ta ce ba ta sani ba. Mata ba sa shiga zauren dagaci, Baffa kuwa, mahaifin nata, da ya dawo bai ce wa kowa komai ba, sandarsa kawai ya ɗauka ya bi shanu. Ko furar da ta dama masa bai taɓa ba.

Sai hawaye. Surajo ya tsaya yana kallonta, ya rasa inda zai sa hannunsa mai laka.

Shekara biyu ke nan da zuwansa Rafin Ɗinya, ƙauyen da ke bakin dajin Falgore, a hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa. Ya gama makarantar koyon sana'a a Kano, abokansa duk sun shige kamfanoni, shi kuwa ya zo gaida yayarsa na kwana uku, ya gyara injin niƙan garin, daga nan aka hana shi tafiya. Abin da ya fi tsayar da shi, ban da Dije, hayaƙi ne.

Gwamnati ta hana saran itace a gandun daji, macen da malaman daji suka kama kuwa sai ta bar musu gatarinta. Kananzir sai an je Tudun Wada, a can ma wata rana akwai wata rana babu. Don haka matan garin da na rugage kara suke ƙonawa da ɗanyen reshe, su wuni suna hura wuta suna tari. Inna Hajara, mahaifiyar Dije, hayaƙin nan ya cinye mata ido har ta kai ba ta gane mutum sai ya yi magana.

Surajo ya taɓa jin wani malaminsu yana cewa idan aka dama ɗanyen kashin shanu da ruwa, aka rufe shi ruf a rami ya kwana arba'in, yakan fitar da iskar da ke kamawa da wuta ba hayaƙi. Ya riƙe maganar nan a ransa. Ya haƙa rami a bayan gidan Balaraba, ya shafe shi da siminti, ya kifa tsohon duro a kai, ya jawo tiyo zuwa wani murhu da ya ƙera da bakin kwano. Mutanen gari suka sa masa suna Injiniyan Kashi. Shi ko a jikinsa. Ya riga ya yi wa Dije alkawari cewa rami na biyu a rugarsu zai haƙa, Inna ba za ta ƙara zubar da hawaye a bakin murhu ba.

Aurensu kuwa da ma da ƙyar ya tsaya da ƙafarsa. Dangin Dije sun ce Kaɗo ne, ba Bafulatani ba, ko akuya ba shi da ita, bare saniya. Ga Umaru ɗan Alhaji Mudi, mai shago da sabon babur, ya shekara biyu yana kai gwauro yana kai mari a hanyar ruga, Dije ba ta taɓa ba shi fuska ba. Malam Jibrin, mahaifinta, shi kaɗai ya ce 'yarsa ba yarinya ba ce, wanda ta nuna shi zai ba. Ya karɓi goro, aka sa rana bayan babbar salla.

To ga inda Surajo ya yi tuntuɓe. Shekara talatin da ɗaya, duk kaka bayan an yi girbi, Malam Jibrin yake sauka da garkensa a gonar Alhaji Mudi. Shanu su ci kara, su bar taki. Babu takarda, babu shaida, haka iyaye suka yi, haka su ma suke yi. Karan na makiyayi ne, takin na mai gona ne, ko yaro ya san wannan.

Surajo ma ya sani, ɗan manomi ne. Sai dai a lissafinsa aro ya yi, domin abin da zai fito daga ramin bayan kwana arba'in ya fi ɗanyen kashi amfani a gona, kuma niyyarsa ya mayar da shi duka. Kullum da safe idan shanu sun fita kiwo sai ya turo baro ya cika. Dije ta ce masa ya fara tambaya. Wa zai tambaya? Alhaji Mudi uban abokin takararsa ne. Malam Jibrin kuwa surukinsa ne, wanda in ya hango shi a hanya yake ratsewa cikin gona ya cire takalmi ya durƙusa har ya wuce. Mutumin da ke kwance inji har ƙusa ta ƙarshe ya mayar, ya kasa buɗe baki gaban tsoho guda.

"Ni dai abu ɗaya nake roƙonka," in ji Dije tana share ido da bakin mayafi. "Kada ka yi komai, kada ka ce komai. Ka bar manya da maganarsu. Ka yi mini alkawari."

Ya yi mata alkawari. Ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi, nonon ya riga ya tsinke.

*

Abin da ya faru a zauren dagaci, wanda Dije ba ta sani ba, Surajo bai sani ba, shi ne wannan.

Alhaji Mudi ya ce ana satar masa taki, kuma ya san ɓarawon. Malam Jibrin ya saurara har ya gama. Ya san in aka tabbatar da sunan sata a kan yaron nan, danginsa sun sami abin da suke nema, babu Bafulatanin da zai ba ɓarawo 'ya. Ya kuma san 'yarsa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni na ba shi. Laifina ne da ban sanar da kai ba, Alhaji. Zan ƙara maka mako uku da shanu a gonar."

Dagaci ya dubi dattawa biyun da ke wurin ya ce shi ke nan, maganar Jibrin ba ta buƙatar shaida. Gaskiya ya faɗa. A duk ƙasar nan, daga Falgore har Doguwa, in aka yi gardamar iyaka ko ta ɓarnar shanu, aka ce Jibrin ya ce kaza, to an gama. Tsohon ba shi da dukiyar da ta wuce wannan, shanun ma rabinsu na mutane ne da aka ba shi kiwo. Alhaji Mudi ya yi 'yan gunaguni, ya haƙura, aka shafa fatiha.

Da an bar maganar a nan, da ta mutu. Amma Umaru ya ji komai a bakin mahaifinsa, kuma shi ya sha ganin Surajo da baro, ya san babu wanda ya ba shi.

Ranar Laraba da la'asar ya tsayar da babur a ƙofar injin niƙa, inda Surajo ke aiki. Ya yi sallama da fara'a, ya tambayi aiki, ya tambayi Balaraba, kamar ba su taɓa haɗa hanya ba. Sannan ya rage murya ya ce shi fa abin yana damunsa. Wai gari ya ɗauka cewa Malam Jibrin ne ya ci amanar Alhaji, yana kwashe taki a ɓoye yana ba surukinsa. Tsoho mai mutunci, ga shi ana nuna shi da baki saboda wani.

"Ni da ni ne kai," in ji Umaru, "da na fito gaban jama'a na wanke shi. Amma kowa da irin zuciyarsa."

Ya tayar da babur ya tafi.

Surajo ya kasa ci gaba da aiki. Ya koma gida ya tsaya a bakin raminsa. Duron ya fara ɗagowa, alamar iska ta soma taruwa, saura kwana takwas. Ya dafa shi ya ji ɗumi. Wata bakwai yana tara siminti da tiyo da ƙarfe, yana shan dariyar mutane, ga shi abin ya kusa nuna kansa.

Balaraba ta ce masa ya tuna abin da yarinyar nan ta roƙe shi. In kuwa ya matsu, ya tura wani dattijo ya ji daga bakin Malam Jibrin tukuna. Ya ce wane dattijo zai aika ya tambayi surukinsa ko ana zaginsa a gari? Ai tambayar ma cin fuska ce. Ta ce kuma tun yaushe Umaru ya zama mai son shi da alheri? Ya ce ko maƙiyi ne ya faɗi gaskiya, gaskiya ce. Haka Surajo yake, in kansa ya ɗau zafi a kan abin da yake ganin daidai ne, sai dai a ba shi hanya.

Ranar Juma'a da sassafe ya ɗauki guduma ya fasa bakin ramin. Iskar ta fita da ƙara, wari ya cika unguwa. Ya kwashe abin da ke ciki da bokiti, ya cika amalanken da ya aro, yana yi yana share fuska da kafaɗa. Balaraba ta tsaya a bakin ɗaki tana kuka.

Ya yi wanka, ya sa farar riga, ya je masallaci. Da aka sallame, jama'a suka taru a ƙofar dagaci ana gaisawa kamar yadda aka saba. Alhaji Mudi na nan. Malam Jibrin na nan a gefen tabarma, malafarsa a kan gwiwa. Sai ga Surajo ya jawo amalanke ya tsayar, ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ga takin Alhaji na dawo da shi. Ni na kwasa da hannuna, babu wanda ya ba ni izini. Baffa bai sani ba, ban taɓa tambayarsa ba, bai taɓa ce mini in ɗauka ba. Don Allah kada a ɗora masa laifina."

Ya ɗauka za a ce madalla. Sai ya ji wurin ya yi tsit.

Dagaci ya dubi dattawan nan biyu, su kuma suka dubi ƙasa. Alhaji Mudi ya juya a hankali ya kalli amininsa na shekara talatin da ɗaya, ya ce, "Jibrin, ashe kai ma?"

Malam Jibrin ya ɗora malafarsa ya jawo ta har ta rufe masa ido, ya dogara sanda ya miƙe. Takalminsa ma a nan ya bar su. Mutane suka dare suka ba shi hanya, ya bi ta tsakiyarsu ba takalmi, ya nufi ruga.

A nan Surajo ya sha jinin jikinsa. Ya waiga, ya hango Umaru a jingine da babur yana gyara madubi.

*

Asabar da safe wata gwaggon Dije ta kawo wa Balaraba ƙwarya a rufe da faifai. Goron da aka kai ne aka sayo sabo aka cika, da turmin atamfa biyu ba a ko warware su ba. Ta ajiye, ta ƙi zama, ta ƙi shan ruwa.

Da yamma Dije ta aiko a ce wa Surajo tana gindin ɗorawar da ke bakin rafi. Ya same ta a tsaye, idanunta sun kumbura. A wannan karon ba ta sunkuyar da kai ba, ta dube shi sosai, ta gaya masa abin da Baffa ya faɗa a zaure ranar Litinin, kamar yadda gwaggonta ta jiyo.

Surajo ya zauna a kan saiwar itacen.

"Na roƙe ka," in ji ta. "Abu ɗaya na roƙe ka tun da muke, ka ce to."

"Dije, wanke shi na je yi. Wallahi wanke shi na je yi. An ce mini ana zaginsa saboda ni."

"Wa ya ce maka?"

Ya kawar da kai. Ta gane, ta gyaɗa kai, hawaye na zuba ba ta share ba.

"Ka ji maganar Umaru, ka bar tawa. Baffa tun yana saurayi ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Sau ɗaya ya yi, don kada a raba ni da kai. Kai kuma ka zo ranar Juma'a, gaban kowa da kowa, ka kwance masa zani."

"Zan je in faɗi a gabansa. Ya taka ni in ya so. Zan ɗauki liman, zan ɗauki dagaci."

"Ba fushi yake da kai ba, Ɗan Bebeji. Da fushi ne ai da sauƙi, fushi yana hucewa. Jiya da kansa ya ce wa Inna yaron nan mai gaskiya ne. Kunya ce. Ba zai iya haɗa ido da kai ba, ba zai iya haɗa ido da Alhaji ba, ba zai ƙara zama a tabarmar dagaci ba. Tun jiya ko rijiya bai je ba."

Ta ce sun fara kwance bukkoki. Gobe da safe za su tashi, su bi ta bayan Doguwa su yi kudu, wajen wani ƙanin Baffa da ke ƙasar Lere. Alhaji Mudi bai kore su ba, har ya aiko a ce a zauna, Baffa ya ce a gode masa.

Surajo ya ce to ita fa? Ai ba yarinya ba ce, Baffa da bakinsa ya faɗa. Ta zauna wajen gwaggonta da ke aure a gari, in ƙura ta lafa a sake maganar. Ko shekara nawa ne zai jira.

"Ya ce in ina so in zauna, ba zai hana ni ba," in ji Dije. "Bai tilasta mini komai ba, bai ce in auri kowa ba. Amma wa zai ja hannun Inna a hanya? Wa zai hura mata wuta a can? Kuma in na zauna, kullum mutane suka gan ni sai su tuna abin da ubana ya yi saboda ni. Ba zan iya ba."

"Ni kuma fa, Dije? Yaya zan yi?"

"Ban sani ba. Ni ma ban san yadda zan yi ba."

Kowa ya yi ta kukansa. Can ta ce abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ramin. Saura kwana nawa? Ya ce ranar da ya fasa saura shida. Ta rufe fuska da tafin hannu. Ta ce Inna kullum sai ta tambaye ta ko wutar yaron nan ta kama, tana ƙirga kwanakin da ƙwayar masara a cikin ƙoƙo, har yanzu ba wanda ya iya gaya mata.

"Ka sake haƙawa," in ji ta. "Ba Inna kaɗai ke da ido ba. Ga Balaraba, ga matan gari. Wannan karon ka tambaya."

Ya ce zai haƙa. Bai gaya mata cewa garkensu ne kaɗai ke sauka kusa da garin ba, in sun tafi sai ya yi tafiyar rabin wuni kafin ya ga saniya. Ita ma ta sani.

Ya roƙe ta ta yafe masa. Ta ce ta yafe tun kafin ya tambaya, abin da ya sa zuciyarta ta fi ciwo ke nan. Ta gyara mayafi, ta juya ta hau gangaren rafi, ba ta waiwayo ba.

Lahadi rana na fitowa Surajo ya je ya tsaya a bakin burtali, nesa kaɗan, inda ba zai tare wa kowa hanya ba. Shanu suka fara wucewa. Malam Jibrin na gaba, sanda a kafaɗa, malafa a ido, bai dubi dama ko hagu ba. Sai jakuna da tabarmi da ƙore a ɗaure. Can baya ga Dije, ta ɗora kaya a ka, hannunta ɗaya riƙe da na Inna Hajara.

Da suka zo daidai inda yake, tsohuwar ta ja ta tsaya. Ta juyo da fuskarta wajensa tana ƙifta ido.

"Dije, wa ke tsaye can? Kamar inuwar mutum nake gani. Ko yaron nan ne ya zo gaya mana wutar ta kama?"

Surajo ya buɗe baki. Dije ta dube shi, ta girgiza masa kai a hankali.

"Ba kowa, Inna," in ji ta. "Kututture ne. Mu je, sun yi mana nisa."